Kalmar Da Muka Daka A Turmi

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Tana zaune bisa tsohon turmina da aka kife a gindin bango, waya manne da kunne, tana zuba Turanci da wata ƙawarta kan karatun likita da suke yi, sai na ji kalmar nan ta gilma cikin maganarta, fit, kamar ƙadangare ya tsallaka tsakar gida. Ko tsayawa a kanta ba ta yi ba. Ni kuwa sai da na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Kalmar da ta ci mana kwana goma da buhun gero, ta bar mini kanta a tafin hannu, ita ce yarinya ta tofar kamar ƙwallon dabino ta wuce.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, sai 'yar yaƙi da jahilci da na leƙa bayan na girma, wadda da ita nake jan wannan rubutu a hankali. Amma Allah ya ba ni kunne. A Katsinar da na yi ƙuruciya, kunne shi ne agogo, shi ne jarida. Da an sallame asuba taɓarya za ta fara magana daga wani gida, wata ta amsa mata daga bayan katanga, kafin rana ta fito unguwa duk ta ɗauka. Ina kwance nakan san gidan da ake surfe da gidan da ake ribɗin fura. Nakan san wadda ta kwana da fushi, don taɓaryarta sara take ba daka ba. Nakan san mai sabon ciki, bugunta yakan yi sanyi tun kafin bakinta ya faɗa. In mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, wannan ta buga waccan ta buga, a cilla taɓarya sama a tafa hannu a cafe, mai wucewa a lungu yakan rage sauri. Inna, uwar maigidana, takan ce mini, "Ke dai kunnenki ya fi idonki gani. Allah shi sa kar ki jiyo abin da ya fi ƙarfinki." Yanzu in na farka ban jin komai sai kukan janareta da babura. Garin ya ƙara ƙara, amma ya daina magana.

Maigidana, Malam, mutum ne mai i'ina. Ba 'yar kaɗan ba. In magana ta maƙale masa sai jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe, ya yi ta kokawa da harafi guda kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Saboda haka bai cika magana ba, ni na yi ta mu biyu, kuma ban taɓa jin ta yi mini yawa ba. Aikinsa kula da wani tsohon injin tura ruwa can bariki, inda yanzu kuke ce wa GRA, injin da ke kai ruwa gidajen manyan ma'aikata. Tun yana saurayi yake tare da injin nan. Ba shi da takardar kowace makaranta. Abin da yake da shi sukundireba ce doguwa, yakan ɗora bakinta bisa jikin injin ya kanga kunnensa a ƙotar, ya ji ciwon da ke ciki kwana uku kafin ya fito fili. Ban taɓa ganin injin da idona ba, amma na san muryarsa, don in Malam ya dawo yana cin tuwo yakan kwaikwaya mini: yau haka ya yi, jiya haka ya yi. Kuma in yana kwaikwayon injin, ko yana karatun sallah, harshensa bai taɓa sarƙewa ba. Na daɗe da lura da wannan, ban dai san ranar amfaninsa ba.

Sai soja suka ce za su koma barikinsu su bar wa farar hula mulki. Gari ya cika da motoci masu lasifika, rediyo ba ta da zance sai na zaɓe, yara na bin mota suna waƙar da ba su san ma'anarta ba. Mu mata muna cikin gida muna jin abin kamar bikin maƙwabta. Ban san bikin zai shigo mana har ɗaka ba sai ranar da Malam ya dawo tun kafin la'asar, ya jingine kekensa a zaure bai ko ɗaure ba, ya miƙa wa Inna wata takarda, ita da ba ta san alif na boko ba.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna.

Da ƙyar muka tattara zancen daga bakinsa. Sabbin shugabanni sun kafa kwamitin tantance ma'aikata. Kowa zai shiga shi kaɗai, ya tsaya gaban mutum biyar, a tambaye shi da Turanci. Wanda ba shi da takardar makaranta kuma bai gamsar da su ba, a sallame shi. Masinjan ofis, wanda ke tsaye bakin ƙofa yana jin komai, ya tsegunta masa cewa tambayar guda ce ake yi wa kowa, kuma tana ɗauke da wata doguwar kalma. Wanda ya iya maido musu da ita cikin amsarsa, sai su gyaɗa kai. Wani mai gyaran waya ya shiga ya kasa, an riga an ba shi takardar sallama. Saura kwana goma a zo kan Malam.

Inna ta juya takardar sama da ƙasa. "To in sun kore ka, wa zai ji masu ciwon injin?"

Ni na san amsar da ke cikin Malam. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, wa zai tsaya jiran mai i'ina ya ida faɗin farashi? Abu guda ya iya a duniya. In aka raba shi da injin nan, sai dai mu kwashe mu koma Batagarawa gidan kawunnansa, ya zama abin tausayi a gonar wasu.

Akwai wani malamin firamare a lungunmu, kowa Ticha yake ce masa. Shi aka kira. Suka zauna a zaure bayan la'asar, ni ina bayan bango da rariya a hannu ina tankaɗen da na riga na gama. Na ji Ticha ya gyara murya ya faɗi kalmar a dunƙule, sannan ya ce, "Kar ta ba ka tsoro, Malam. Gaɓa biyar ce kacal. Ga shi na raba maka da layi. Spe. Sha. Lai. Ze. Shan. Mutanenmu kan ce sifeshalaizeshan, su mai da ita shida. To waɗannan 'yan kwamiti sun yi karatu a waje, biyar suke son ji."

Inna ta leƙa daga ƙofar tsakar gida. "Ticha, wai mi take nufi, wannan abu mai tsawon igiyar guga?"

"Ƙwarewa ce a abu guda, Inna. Mutum ya bar komai ya kama abu ɗaya, har ya san cikinsa da bayansa."

"Yo ai shi ke nan," in ji ta. "Sunanka ne suka rubuta da Turanci, kai kuma ka kasa hwaɗi."

Ticha ya yi dariya. Malam bai yi ba. Na ji ya ja numfashi ya kama gaɓar farko. Sss. Sss. Sss. Kamar tayar keke tana sacewa. Nan ya tsaya har aka kira magariba.

Kwana huɗu aka yi a haka. Ticha ya zo da alli, ya zo da madubi wai Malam ya riƙa kallon leɓensa, ya sa shi ya riƙa ƙirga gaɓoɓin da yatsu. Duk lokacin da ya kalli layukan nan biyar sai su zame masa katanga biyar, kuma ko ta farko bai haura ba. Inna ta amso rubutu ya sha. Wata tsohuwa ta ce ya sa ƙwallon dabino ƙarƙashin harshe, ya sa, ya kusa haɗiye shi. Ya daina cin abinci sosai. Ya daina kwaikwaya mini injin. Rana ta huɗu na ga Ticha ya fito yana kaɗa kai, ya ce wa Inna a hankali, "Sai dai addu'a." Da Malam ya shigo ya zauna bakin ƙofar ɗaki, ya kalli akwatunana, ya ce in fara rage kaya. Wannan kam ta fito masa sumul, ba ko tangarɗa. Na shiga madafa na yi kukana da hayaƙi don kar a gane.

Washegari da hantsi muna surfe ni da Inna, Malam na zaune inda ya kwana da tunani, don ranar ba shi da fita da wuri. Kalmar nan ta riga ta zauna mini a kunne, na ji ta daga bakin Ticha ya fi a ƙirga. Ban san lokacin da na fara sa ta bisa taɓarya ba. Na buga, spe. Inna ta buga, sha. Na buga, lai. Inna ta sauke tata, ze. Na rufe, shan. Taɓaryar Inna ta fi tawa nauyi, ta kirya ce tun ta aurenta, sai na ji ashe daidai nan kalmar ke son nauyi, bisa ta huɗu. Ticha bai taɓa faɗin haka ba, amma haka bakinsa ke yi. Na sake. Inna ta harare ni, sannan ta gane, ta gyara tsayuwa. Muka zagaya sau uku, sau huɗu, ina rerawa kamar waƙar daka.

Sai na ji murya ta uku daga bayana, ƙasa-ƙasa.

Ban waiwaya ba. Na san in na waiwaya ta ɓace. Na dai ƙara wa Inna ido, muka ci gaba, shi kuma yana biye, gaɓa bisa bugu, gaɓa bisa bugu. Taɓarya ba ta jiran kowa. In ta sauka ta sauka, harshe bai da lokacin tsayawa ya ji tsoro. Ya faɗe ta cikakkiya sau bakwai kafin geron ya surfu. Da muka tsaya, Inna ta share zufa da gefen zane ta ce, "Kawo wani geron."

Abin da muka yi ke nan kwana biyar. Da safe kafin ya fita, da la'asar in ya dawo. Namiji ba ya zama kusa da turmi, abin kunya ne a lokacin, don haka yakan zauna cikin ɗaki a saki labule, mu kuma mu jawo turmin har bakin ƙofa. Muka dake geron gidan kaf, wanda aka auno daga Babbar Kasuwa don ya kai mu wata. Muka aika maƙwabta su kawo nasu mu daka masu kyauta. Matar gidan da ke bayanmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Halan biki za ku yi ba ku gaya mana ba?" Inna ta ce, "Bikin Bature ne, ba a gayyata." Da hatsi ya ƙare muka koma dakan dusa. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, na naɗe da tsumma. Inna, tsohuwa da ciwon kafaɗa, ba ta ce wash ba ko sau ɗaya, sai in ta kwanta nake jin tana juyi.

Muka ƙara masa sauran kalmomin amsar da Ticha ya tsara, gajeru ne, suka hau bugu ba gardama. Saura matsala guda: ba a shiga gaban kwamiti da turmi. Sai na ce ya riƙa buga cinyarsa da yatsu tare da mu. Muka riƙa rage ƙarfin taɓarya, muna ragewa, har ranar ta tara muka ɗaga taɓare sama muka riƙe, ba mu sauke ba. Daga bayan labule muka ji yatsu bisa cinya, tap, tap, tap, da kalmar ta fito ita kaɗai da ƙafarta. Aka kira Ticha ya ji. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Wallahi ko ni ban faɗe ta haka ba."

Rana ta goma, na goge masa kakinsa da dutsen guga na gawayi har sai da ya yi ƙyalli. Inna ta tofa masa addu'a a ka kamar yaro. Ya hau keke ya tafi. Ban iya zama ba, ban iya tsayuwa ba. Na share tsakar gida sau uku. Unguwa na ta dakan rana, ni kuwa kowace taɓarya na ji sai in ji tana ƙirga biyar.

Bayan azahar na ji ƙarar sarƙar kekensa a lungu. Tun daga nan na sani, don turo shi yake, ba hawa ya yi ba.

Ya zauna bisa tabarma. Inna ta ce, "Ta maƙale?"

Ya girgiza kai. Ya ɗora yatsu bisa cinya ya faɗe ta, tsaf, nauyin bisa ta huɗu. Haka ya faɗa masu, in ji shi. Har wani matashi mai tabarau cikinsu ya ɗaga kai ya dube shi, ya yi rubutu.

"To sai mi?"

Sauran labarin sai da muka kai la'asar muna tsintarsa ɗaya-ɗaya. Da mai tabarau ya ji kalmar ta fito haka, sai ya ɗauka ya samu ɗan'uwa, ya sako masa Turanci mai tsawo. Malam bai kama ko kalma ɗaya ba. A cikin 'yan kwamitin akwai wani dattijo, Bakatsine, mai furfura a gemu. Shi ya ɗaga hannu ya tsai da yaron. Don tausayi ya yi, na tabbata, har yau ban riƙe shi a zuciya ba. Ya ce, "Malam, ajiye Turancin nan. Hwaɗa mana da Hausa. Mi ka sani game da injin nan?"

Mi ya sani. Ya san kukan da yake yi in ruwa ya ja baya a rijiya. Ya san ƙusar da ke kwancewa duk shigowar zafi. Ya san abin da in aka yi masa zai ƙara shekara goma, da abin da in aka yi masa ba zai kai sati ba. Duk suka taso masa lokaci guda suka cushe a maƙogwaro, kamar tumaki a ƙofar garke, ba wadda ta samu fita. Ya buga cinya. Ya sake bugawa. Ba abin da ya hau bugun, don ba mu daka masa ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Suka jira. Dattijon ya ce, "A hankali, Malam, ba sauri." Jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe. Wani ya dubi agogo. Aka ce a kira na gaba.

Inna ta dubi turmin ta ce, "Mun yi wa baƙo shimfiɗa, mun bar ɗan gida a tsaye."

Takardar sallama ta zo bayan sati biyu. Ba mu koma Batagarawa ba, Allah bai nufa ba. Malam ya yi wata uku a zaure yana kallon hanya, sannan wata rana ya ɗauki doguwar sukundirebarsa ya nufi Babbar Kasuwa, inda aka fara kafa injinan niƙa. Ya ɗora kunne bisa na wani, ya nuna masa da yatsa inda ciwon yake. A can ba a tambayarsa komai, a nuna masa inji a koma gefe. Da wannan ya ciyar da mu har ƙarfinsa ya ƙare. Injinan suka yi ta yawa, suka shigo unguwanni, mata suka riƙa aika hatsi a kwano maimakon su daka. Gida-gida taɓare suka yi shiru. Nakan ce masa cikin wasa, "Turmi ya yi maka rana, kai kuma ka tashi kana kashe shi." Sai ya yi murmushi. Injin bariki kuwa bai ƙara ambatarsa ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Amma in muna zaune aka ɗauke ruwa, nakan ga ya karkata kai gefe guda, kamar mai sauraren kira daga nesa.

Mutane kan ce abin da ya wuce ya wuce. Ni dai har yau in na tuna kwanakin nan biyar sai in ji tafin hannuna na zafi. Ni ce mai kunnen. Ni na san harshensa ba ya sarƙewa in yana kwaikwayon injin. Da na ce masa, Malam, gaya mini yadda yake kuka in ruwa ya ja baya, in sa masa bisa taɓarya, jimla uku kacal da harshen uwarsa, da safiya ɗaya ta isa. Ba wanda ya kawo wannan a ransa, daga ni har Inna har Ticha. Duk mun ɗauka abin da za a nema a wurinsa shi ne abin da ba shi da shi.

"Kaka, mi kike bugawa?"

Jikata ce, ta gama wayarta tana kallona. Ashe yatsuna ne bisa gwiwa. Na ce ta sake faɗin kalmar nan da ta faɗa wa ƙawarta, mai tsawon. Ta faɗa, a guje, tana dariya.

"Kin cinye ta huɗun," na ce. "Nan nauyin yake. Spe, sha, lai, ze, shan."

Ta saki baki. "Kaka, a wace makaranta kika koyi wannan?"

Na ɗauki tsintsiyata. Na ce, "Ke kike zaune bisanta."